Waliyyai Ma Sun Sha Ƙurar Alli

Sannunku da aiki, malaman firamare da na sakandare. Sannunku katekis na ƙauye, da Sistoci, da iyaye mata 'yan zumunta da ke riƙe da makarantar Lahadi ba don ko sisi ba. Daga Shendam zuwa Zonkwa, daga Kafanchan zuwa Malumfashi, daga Numan har Maraɗi, ku nake yi wa magana. Na san wata ya yi nisa, na san aji ya cika har wasu na zaune a kan taga, na kuma san cikinku akwai wanda zai tashi daga makaranta ya wuce gona ko ya hau acaɓa kafin a ɗora tukunya a gidansa. Duk da haka an ɗora muku nauyin da ya fi na lissafi da Turanci: a ce ku koya wa 'ya'yan mutane halin kirki irin na mabiyan Yesu Almasihu.

Yaya ake koyar da hali? Mun sha gani: malam ya rubuta gaskiya, haƙuri, yafiya, tawali'u a allo, yara su kwafa, su haddace, su cinye jarrabawa, a kaɗa ƙararrawa su fita su tumurmushe juna a bakin famfo. Ba laifin yaran ba ne. Yaron da ya taso da Gizo da Ƙoƙi so yake ya ji wane ne, ɗan ina ne, wa ya cuce shi, me ya yi bayan nan. Wanda ya rubuta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya san da haka, shi ya sa da ya zo maganar bangaskiya a sura ta 11 sai ya shiga jero mutane da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma kuna da taskar da ta fi tatsuniya, domin mutanen da za ku ba da labarinsu sun rayu da gaske, an san garuruwansu, an san shekarun da suka mutu.

Ku ɗauki Waliyyiya Josephine Bakhita. A Darfur aka haife ta, wajen 1869, ƙasar da kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa in za su gabas. Ba ta kai shekara goma ba masu fataucin bayi suka sace ta. An sayar da ita a El Obeid, an sake sayarwa, har firgita ta sa ta mance sunan da iyayenta suka raɗa mata. A gidan wani hafsan sojan Turkiyya aka kwantar da ita, aka zana mata zane da gari a jiki, aka bi zanen da aska, aka riƙa cusa gishiri a cikin raunukan don tabon ya tashi. Tsaga 114. Malama, in kin zo nan kada ki yi sauri. Ki tsaya. Ki bar ajin ya yi tsit. A cikin yaran nan da ke kallonki akwai wadda aka ƙona ƙauyensu, akwai wanda aka ɗauke babansa a hanyar gona ba a sake ganinsa ba. Su ba labarin nesa suke ji ba.

Daga nan sai ki ci gaba. Wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Khartoum, ta bi shi ƙasarsu, ta zama mai raino a wani gida. Da aka ajiye ta na ɗan lokaci a wurin Sistocin Canossa a Venice, uwar ɗakinta ta dawo za ta tafi da ita, sai yarinyar da ba ta taɓa musa wa kowa ba ta ce ba za ta je ba. Magana ta kai gaban shari'a, a 1889 aka yanke cewa ita 'yantacciya ce. An yi mata baftisma a 1890, ta shiga aikin Sista, ta yi shekara fiye da arba'in a garin Schio tana girki, tana tsaron ƙofa, tana gyaran ɗakin sujada, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Ba ta riƙe waɗanda suka azabtar da ita a zuciya ba, addu'a ma take yi musu. A wannan labari ɗaya yarinya 'yar aji huɗu za ta ga yafiya, za ta kuma ga cewa yafiya ba ta hana mutum ya tsaya ya ce a'a. Ni a ganina rabin na biyun ne muka fi barin yaranmu babu shi. Tun 2015 ranar tunawa da ita ce Ikilisiyar Katolika ta keɓe don addu'a kan safarar mutane, kuma kun san yadda ake zuwa ƙauyukanmu da daɗin baki ana kwashe 'yan mata zuwa aikatau a birni.

Ga Kizito na Uganda kuma, ɗan shekara 14 ko kusa da haka, tsaran 'yan ƙaramar sakandare. Yaron fada ne a gidan Sarki Mwanga na Biyu na Buganda. Charles Lwanga, wanda ke shugabantar yaran fadar, shi ya riƙa kāre su daga lalatar da sarkin ke nemansu da ita, shi ya kuma yi wa Kizito baftisma cikin dare da suka ga abin ya zo. Ranar 3 ga Yuni, 1886 aka ƙone su a Namugongo. Tsakanin 1885 da 1887 an kashe 'yan Katolika 22 da 'yan Anglikan 23, wuta ba ta tambayi cocin kowa ba. Akwai maganar da kunya ke hana mu yi wa yara a fili: cewa babba ma yana iya neman yaro da abin da bai dace ba, ko da kawu ne, ko da malami ne, ko da mai rawani ne, kuma yaro yana da ikon ya ƙi ya kuma faɗa. Labarin Kizito ya buɗe muku ƙofar wannan magana ba tare da kun kama sunan kowa ba. Ku shiga.

Wani abu da ke ba ni haushi, bari in faɗe shi in wuce. Hotunan da ake liƙawa a bango kusan duk na fararen mutane ne masu laushin hannu, ido a sama, haske kewaye da kai, kamar ba su taɓa jin yunwa ba. Yaro ya duba ya duba, ya yanke a ransa cewa tsarki ba na irinsu ba ne. Ku nemo masa Martin de Porres na birnin Lima a ƙasar Peru, ɗan baiwar da aka 'yanta, wanda ya koyi wanzanci, ya yi shara da jinyar marasa lafiya a gidan 'yan Dominikan har ya rasu a 1639. Da tsintsiya a hannu ake zana shi. Ranar da za ku ba da labarinsa, ku karɓi tsintsiya daga hannun wanda aka sa sharar aji, ku share layi ɗaya da kanku. Gani ya kori ji.

To, nan ne maganar ta dawo kanku. Yaro yana sauraren labarin, amma idonsa yana kan mai ba da shi. In kin gama labarin Bakhita kika ɗauki dorina kika zane wadda ta makara don ta tsaya ɗebo wa kakarta ruwa, dorinar za ta tuna. In ka yi wa'azin gaskiya da safe, da rana ka ƙara wa ɗan mai kuɗi maki, ajin duka ya sani kafin a tashi. Ba don in karya muku gwiwa na faɗi haka ba. Don ku san girman kujerar da kuke kai ne, kuma ku san akwai waɗanda suka zauna a kanta kafin ku, da irin gajiyarku, suka kai labari.

Ɗanmu ne na gida Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda aka haifa a Aguleri a 1903. Kafin ya zama Fada, malamin makaranta ne, har ya riƙe hedimasta a garinsu. Ido ɗaya yake gani da shi tun yana yaro. An naɗa shi firist a Onitsha a 1937, ya riƙa keta daji a ƙafa da keke daga wannan ƙauye zuwa wancan yana koyar da katekisim, yana tsaya wa 'yan mata a kan masu cin zarafinsu. A 1941 ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara baftisma. Da a ranar an ce masa yaron nan zai zama Kadinal Francis Arinze, ya zauna a Roma yana shugabantar ofishin tattaunawa da sauran addinai, da wataƙila dariya zai yi. Tansi ya rasu a Ingila a 1964, Arinze bai zama Kadinal ba sai 1985. Bai ga girbin ba. Paparoma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya a 1998 ya ayyana shi Mai Albarka a Oba, kusa da Onitsha. Ka duba rajistarka, Malam. Ba ka san wanda ke zaune a bencin baya ba, mai tsagaggen wando, wanda kullum ba shi da biro.

John Baptist de La Salle ɗan masu hali ne a birnin Reims na Faransa. Ya ga malaman 'ya'yan talakawa a wulaƙance, ba horo ba daraja, sai ya kwaso su ya kawo gidansa suna ci tare, danginsa na ta ƙorafi. Da yunwa ta faɗo ya rabar da dukiyarsa. Ya nace a koya wa yaro karatu da Faransancin da yake ji a gida maimakon Latin, abin da ya kamata ya ƙarfafa duk wanda ke jin nauyin ba da labarin waliyyi da Hausa, ko da Tyap, ko da Berom, ko da Ngas. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya sa shi majiɓincin malaman makaranta. Kuna da naku a can.

John Bosco kuwa yaran titi ya tara a Turin, waɗanda suka baro ƙauye neman aikin leburanci. Tun yana ƙarami ya koyi dabo da tafiya kan igiya don ya tara tsararrakinsa, in sun taru ya koya musu addu'a. Da ya girma ya buɗe musu wurin koyon ɗinki da gyaran takalmi, ya riƙa zama da masu gida yana rubuta yarjejeniya don kada a dake su ko a cinye musu haƙƙi. Ya hana duka a makarantunsa. Hankali, addini, da ƙauna, da su ya riƙe ɗaruruwan yaran da gari ya ce sun gagara. Kada wani ya ce mini yaran Turai ne masu sauƙin kai. Wasunsu daga kurkuku ya san su.

Saura kashedi ɗaya, kuma mu da muke zaune a Arewa mun san nauyinsa. Labarin shahidai wuta ne: yana dafa tuwo, yana kuma ƙone rumbu. Wanda ya ba da shi don yaro ya tashi da gaba da maƙwabcinsa Musulmi ya ci amanar waliyyin da ya ambata. Tun da Fadocin SMA suka sauka Shendam a 1907, makarantun mishan sun koyar da 'ya'yan kowa. St. John's ta Kaduna da ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri da ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa da ta koma Kufena, duk sun yaye Kirista da Musulmi a ɗakin kwana ɗaya. Sunayen sun canza bayan gwamnati ta karɓi makarantun a shekarun 1970, amma tsofaffin ɗalibansu har yau in sun haɗu malamansu suke tunawa, wane mai tsanani ne, wance ba ta taɓa nuna bambanci ba. 'Yan'uwanmu na ECWA da COCIN da EYN da ba sa roƙo ta wurin waliyyai, ku ma ba a bar ku a baya ba: Yusufu a gidan Fotifar naku ne, Rut taku ce, Daniyel da Istifanas naku ne, haka ma tsofaffin masu bishara da suka kafa majami'ar garinku da jinka da laka. Ku tambayi dattawa labarinsu tun suna da rai.

Ba ku bukatar majigi, ba ku bukatar littafi mai tsada. Kalandar coci da ke rataye a ofishin hedimasta ta isa: Tansi 20 ga Janairu, Bosco 31 ga wata, Bakhita 8 ga Fabrairu. Ku zaɓi mutum ɗaya, ku karanta labarinsa da kyau har ku iya ba da shi ba takarda a hannu. Kada ku ƙara masa gishiri, kada ku ɓoye rauninsa. In kun gama, ku bar yara su yi tambaya, ko da tambayar ta fi ƙarfinku. Ku sa su yi wasan kwaikwayonsa ranar Juma'a, ku ba yaron nan da ya fi kowa rashin ji babban matsayi a ciki, ku ga abin mamaki.

Iyaye kuma, da kwamitocin coci, da masu makarantu: mutanen nan da kuka danƙa wa tarbiyyar 'ya'yanku, ku biya su a kan lokaci, ku gaishe su in kun haɗu a kasuwa. Ku kuwa malamai, ku ɗaure ɗamara. Litinin mai zuwa, in an gama addu'ar safe, kada ku fara da rubutu a allo. Ku ce wa yara su ajiye biro, za ku ba su labarin wata yarinya daga Darfur. Allah ya ƙara muku ƙarfi.