Malam Ya Faɗi Hukuncin Salla, Wa Zai Ce A Tafi Asibiti?

Akwai wata tambaya wadda kowane malamin zaure ya sha jin ta, tun daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu, har ƙauyuka irin su Ruwan Bore da ke wajen Mada. Magidanci ne zai jira sai almajirai sun watse, sa'an nan ya matso ya sassauta murya ya ce, "Allah gafarta Malam, iyalina ce jini ya ƙi ɗauke mata, yau wata uku ke nan. Mene ne hukuncin sallarta?" Malam kuwa sai ya ba shi abin da ke cikin littattafanmu na Malikiyya, watau haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya ƙaru jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi. Mai tambaya ya yi godiya ya tafi.

Amsar nan daidai ce, babu malamin da zai ja da ita. Abin da nake so mu duba a makon nan shi ne ko ta wadatar. Malam da bakinsa ya kira shi jinin ciwo. To, wane ciwo ne, kuma a wuyan wa neman maganinsa yake?

Likitoci sun bayyana cewa irin wannan jini yana da dalilai masu yawa, waɗansu masu sauƙi. Amma jinin da ke zuwa a tsakanin haila da haila, ko bayan saduwar aure, ko bayan mace ta daina haila, musamman in akwai ruwa mai wari da ciwon mara, yana daga cikin alamun sankarar bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haddasa ta. Kuma ba farat ɗaya take kisa ba. Ga mace mai ƙoshin lafiya, daga lokacin da bakin mahaifa ya soma sauyawa zuwa lokacin da zai zama sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A tsawon shekarun nan ba ta jin komai a jikinta, amma ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya ganin wurin in ta shafa masa ruwan khal, domin yakan yi fari, sa'an nan a ƙone shi da ɗan ƙarfe mai zafi a zama ɗaya ta koma gida. Watau Allah Ya ba mu jinkiri mai tsawo, mu ne ba mu zuwa sai jini ya ɓalle, lokacin da aikin ya zama na tiyata da injin gashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen 350,000 cutar nan ta kashe, kuma kashi 94 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. A Nijeriya kaɗai, a 2020, mata kimanin 12,000 suka kamu, kimanin 8,000 suka rasu. Ba don jikin matan Turai ya fi na matanmu ƙwari ba ne. Su ana duba su tun da sauran lokaci.

Wani zai ce ai kunya ce ke hana mata. Gaskiya ne, kuma ni ba na cikin masu raina kunya, domin reshe ce ta imani, kuma ita ce adon 'ya'yanmu. Sai dai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba, alhali tambayoyin nasu a kan haila da wanka ne. Malamai kuma sun halatta buɗe al'aura ga mai magani gwargwadon lalura, mace ga mace in an samu. Har ma akwai gwajin da mace ke ɗaukar samfurin da hannunta ta miƙa a auna, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ko da yake bai wadatu a karkararmu ba. In an lura da kyau, sau da yawa kunyar ba ta matar ba ce. Maigida ne ba ya so a ji iyalinsa ta je an duba ta, sai ya ɗora wa addini abin da girman kansa ya hana.

A nan akwai wani zalunci da ya wajaba a ambata. Da yake ƙwayar nan ta hanyar saduwa take yaɗuwa, waɗansu da sun ji haka sai su soma kallon mai ciwon da mugun zato. Wannan jahilci ne, kuma in ya fito fili ya zama ƙazafi. Masana sun ce mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sukan ɗauki ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu, jiki ya kawar da ita ba su sani ba. Namiji yana iya ɗauko ta daga matarsa ta fari, wadda ta rasu ko suka rabu, ya kai wa amarya, babu wanda ya saɓa wa Allah a cikinsu. Matar da ba ta san kowane namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi yi mini nauyi. Duk wanda ya karanta babin ciyarwa a Muhtasar na Shaihu Halil ya san an lissafa abinci da tufa da wurin kwana a kan miji, amma ba a wajabta masa kuɗin magani ba. Na ji magidanta suna kafa hujja da wannan, su mai da mace gidan iyayenta ta yi jinya. Ina girmama magabata, kuma ba ni da matsayin gyara musu. Amma a cikin mazhabar nan tamu an ruwaito daga Ibn Abdil Hakam cewa ladan likita da magani a kan miji suke, kuma malaman zamani irin su Shaihu Wahba Zuhaili sun rinjayar da haka, saboda magani a yau ya zama buƙata kamar abinci. A zamanin da aka rubuta waɗancan littattafai magani ƙaho ne da saiwa, yana yi ko ba ya yi. Yau kuwa an san cutar, an san hanyar tare ta. Mutumin da mace ta haifa masa 'ya'ya takwas, ta yi masa daka da surfe shekara ashirin, in ya ce kuɗin motar Gusau ba wajibinsa ba ne, wataƙila ya kuɓuta a gaban alƙali. Zaman alheri da aka umurce shi da shi fa?

Duk da haka ba zan ɗora wa talaka abin da ba ya iyawa ba. Manomin Ruwan Bore, wanda 'yan bindiga suka auka wa ƙauyensa a 2019, wanda fita hanyar Gusau zuwa Tsafe take zame masa abin fargaba, ko ya kai matarsa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, in ciwon ya yi nisa sai an tura su asibitin koyarwa na Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 200, ko na Shika a Zariya, su yi makonni suna ciyar da kansu a garin da ba su san kowa ba. Da yawa sukan sayar da hatsi da dabba, su dawo ba su gama ba. Saboda haka kai gwajin nan ɗakunan shan magani na ƙauye, da horar da mata masu yin sa, farilla ce ta gayya, wadda in babu mai yin ta laifin ya hau kan masu iko da masu hali gaba ɗaya. A 2020 ƙasashen duniya suka amince cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu ciwon magani. Nijeriya ta soma rigakafin kyauta ga 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, ya kai sauran jihohi, har da Zamfara, a 2024. Allura ɗaya ce. Masu cewa wannan gudun ƙaddara ne su tuna da Sayyidina Umar, da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna wa masu sukarsa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce.

Mu koma zauren malam. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma a littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajoji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Yau makarantun Islamiyya na matan aure sun cika unguwanninmu, kuma a kowacce ana karanta babin haila. Malamar da ta iso wurin jinin ciwo, me zai hana ta ƙara da cewa duk wadda ta kai shekara 30 ta nemi a duba ta ko ba ta jin komai? Shi kuma malam, in magidanci ya matso ya sassauta murya, bayan ya faɗa masa hukuncin salla sai ya tambaye shi shekarun matar, da tun yaushe jinin ya soma, da ranar da zai kai ta asibiti. In ya ce ba shi da kuɗin mota, a faɗa wa liman a tara masa ranar Juma'a, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.