Girman Mace a Gidan Mai Bi

Ya ɗan'uwana, kai da ka shigo hanyar Almasihu kwanan nan, da kai da ka ke bincike tukuna, ka kasa kunne. A ƙasarmu ta Watari mun tashi muna jin ana cewa ƙarfin mata sai yawan magana. Wannan karin magana ba ta dace da bakin mai bi ba.

Ka buɗe Littafin Misalai, sura 31, daga aya 10 har 31. Ayoyi 22 ne, an jera su bisa ga haruffan Ibrananci, kowace aya da harafinta. Suna yabon mace wadda ta kan tashi tun da sauran dare, ta yi kaɗi, ta sayi gona, ta miƙa hannu ga matalauci. Kalmar da aka yabe ta da ita, watau hayil, da ita aka kira Gidiyon jarumin yaƙi. Da ita kuma Bo'aza ya kira Rut, baƙuwa mai kala a gonarsa, wadda ta haifi kakan Sarki Dawuda. Har wa yau a gidajen Yahudawa da yawa, ran Jumma'a da dare, sa'anda Asabar ta shiga, maigida ya kan rera waɗannan ayoyi a gaban matarsa kafin a ci abinci.

Ka tuna kuma da Shifra da Fuwa, ungozomai biyu. Fir'auna ya umurce su su kashe 'ya'ya maza na Ibraniyawa, suka ƙi, gama tsoron Allah ya fi musu tsoron sarki. Debora kuwa ta yi wa Isra'ila shari'a, har Barak ya ƙi fita yaƙi sai da ita.

Yanzu ka duba gidanka. Wa ke surfe da daka? Wa ke soya ƙuli, ta aika da man gyaɗa kasuwar Bagwai ko ta Bichi? Ni kaina, a shekarar da rumbunmu ya ƙare tun gero bai nuna ba, kuɗin furar uwata ne ya riƙe mu, ban kuwa taɓa jin an gode mata ba.

Domin wannan, ya ɗan'uwa, kada ka ɗaga hannu a kan matarka. Kada ka zage ta, balle a gaban 'ya'yanta. Jarinta nata ne. In ka ranta, ka biya. Ka yi shawara da ita kafin ka sayar da hatsi. Ka sa 'yarka makaranta kamar ɗanka. Maƙwabtanka ba za su karanta Littafi Mai Tsarki ba tukuna, amma suna jin abin da ke faruwa bayan dangarka.

Ke kuma, 'yar'uwata, kada ki raina kanki. Mata ne suka fara kai labarin tashin Ubangijinmu daga matattu.

Allah shi ba mu zuciyar girmama waɗanda ya girmama. Amin.