Dattijon Da Muka Bari A Mokwa

Mai karatu, ka taɓa hawa motar dare daga Ikko zuwa Kano ana jibi Sallah? In ka taɓa, to ba sai na ɓata bakina ba. Gangar jikinka tana cikin mota, amma hankalinka tuni ya riga ka isa gida, yana can yana kallon yara suna ba rago dusa. Duk abin da zai tsayar da motar nan, ko na minti biyar ne, ya zama abokin gabarka. A irin wannan dare ne na yi wani abu da har yau yake cizon zuciyata. Abin da na yi kuwa shi ne shiru.

Babbar Sallar da ta faɗo a watan Janairun 2005 ce, tsakiyar hunturu. Muka tashi da la'asar sakaliya a cikin doguwar motar nan ta safa, tafiyar kusan kilomita 1,000 na gabanmu. Kujeru sun cika, an kuma jera benci a tsakiyar mota an ɗora waɗanda kuɗinsu bai kai na kujera ba. A kan bencin da ke daura da ni akwai wani dattijo siriri, mai farin gemu, ya rungume jakar bakko kamar jariri. A 'yar hirar da muka yi kafin Badun ya ce mini gadi yake yi a Ikko, shekara biyu rabonsa da gida. Ban tambayi sunansa ba. Baba kawai na riƙa ce masa.

Da duhu ya yi, kwandasta ya sa mana Sangaya a talabijin ɗin mota. Ka san fim ɗin: Fati Muhammad a matsayin Zubaina, 'yar aikin da ake wulaƙantawa a gidan sarauta, ga kuma Ali Nuhu ɗan sarki. Mota ta ɗauki tsaki da Allah wadai. Wata Hajiya a bayana har da cewa, "Wallahi wasu mutane ba su da imani!" Ni ma na gyaɗa kai. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Muka wuce Ilori, muka haye gadar Jebba, wajen ƙarfe biyun dare muka tsaya a Mokwa, inda matafiya suka saba sauka su sha shayi, su kama ruwa, mai ramuwar sallah ya rama. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ba mu yi rabin awa ba direba ya hau danna oda, domin sauran motocin da muke jerin gwano da su sun fara tashi. Kowa ya ruga ya shiga, aka kashe fitilun ciki, mota ta harba.

Mun yi kamar minti ashirin muna gudu sai wani saurayi da ke kan benci ya ɗaga murya: "Direba, tsaya! Baba bai shigo ba!" Aka kunna fitila. Ga jakar bakko nan a ajiye, babu mai ita. Saurayin ya ce tun daga Ilori dattijon ke fama da ciki, ya kuma gan shi ya nufi bayan rumfuna da buta. Lokacin wayar salula ta shigo, amma ba irin su Baba ke riƙe ta ba. Kuɗinsa, da tsarabar jikokinsa, da bargonsa, duk suna cikin jakar.

Direba ya rage gudu amma bai tsaya ba. Ya ce juya mota irin wannan a ƙaramin titi cikin dare ba wasa ba ne. Ya ce in muka koma mun rabu da ayari ke nan, ga dajin Birnin Gwari na jiran mu, wanda ko a wancan lokacin ya yi suna da 'yan fashi. Ya ce rayukan da ke cikin motar nan amana ce a wuyansa. Nan take mota ta kaure. Wani ya ce ai an yi oda har sau uku. Wani ya ce ai Mokwa gari ne, akwai Musulmi, ba za a bar shi ya mutu ba. Hajiyar nan ta bayana ta ce, "Haba jama'a, saboda mutum ɗaya sai mu duka mu rasa Idi?" Ni kuwa, wanda ya fi kowa hira da shi, na sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi.

To, mai karatu, ga tambayar da nake so mu juya tare: shin mun yi laifi?

Kada ka yi saurin cewa e. Maganar direba tana da nauyi. Mutum sama da hamsin ne a hannunsa, da mata da goyo. Da ya juya, muka faɗa hannun ɓarayi mu kaɗai da asuba, wa zai yaba masa? Dattijon yana cikin gari, ba a jeji aka yar da shi ba. Wanda ya auna rai hamsin da wahalar mutum ɗaya ya zaɓi hamsin, ba za ka kira shi azzalumi ba. Na daɗe ina fake wa da wannan lissafi, kuma har gobe ban ce kuskure ne ba.

Abin da ya rusa mini mafakar ya faru ne da gari ya kusa wayewa. Gab da Tegina tayar baya ta yi bindiga. Aka ciro safaya, ita ma babu iska. Sai da yaron mota ya hau wata akori-kura ya je gari ya dawo. Awa huɗu cur muka yi a bakin titi, mu kaɗai, ayarin ya daɗe da yin gaba. Kada ka ce zan ce maka alhakin Baba ne ya kama mu; taya tana fashewa ko an yi zalunci ko ba a yi ba. Abin da na lura da shi daban ne. Babu wanda ya yi faɗa. Aka shimfiɗa ɗankwali da kwali aka yi sallar asuba, aka rarraba burodi, ana ta cewa haka Allah Ya so. Mutanen da suka kasa ba ɗan'adam minti arba'in, su ne suka ba taya awa huɗu ba tare da ko tsaki ba.

A nan na gane cewa dalilin direba daban, namu daban. Shi tsoro yake ji, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Mu kuwa sauri muke yi, sai muka ari tsoronsa muka yafa don mu rufe saurinmu. Da tsoron daji ne ya hana mu komawa, da an ji wani ya ce to a yi wata dabara, a tsaya a gari na gaba a aika. Ba a ji ba. Abin da aka ji shi ne Idi, da rago, da ɗinki. Ka ga ashe mutum biyu za su iya yanke hukunci iri ɗaya, ɗaya ya fita da hannu tsarkakakke, ɗaya ya fita da dauɗa.

Malamai sun ce kalmar safara a Larabci tushenta ɗaya da yaye lulluɓi, domin tafiya ita ke yaye halin mutum. An kuma ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyadina Umar, sai ya tambaye shi ko sun yi maƙwabtaka, ko sun yi tafiya tare, ko cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai Umar ya nuna masa cewa ai bai san mutumin ba. A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ma, cikin waɗanda aka yi umarnin a kyautata wa har da abokin da ke gefenka, kuma da yawa daga masu tafsiri sun ce abokin tafiya ke nan. Wato wanda kuɗin mota ya zaunar kusa da kai maƙwabcinka ne na dare ɗaya, ko ka san sunansa ko ba ka sani ba.

Yanzu mu koma ga Sangaya. Mu masu kallon fim da karatun littattafai mun ƙware wajen tausayi. Mukan yi wa marainiya kuka, mu tsine wa kishiyar uwa, mu rantse da mu ne a wurin da ba haka ba. Amma tausayin Zubaina kyauta ne: ba ya cin kuɗin motarka, ba ya jinkirta maka isa gida. Kuma a fim an riga an nuna maka mugu, da kiɗansa da hararsa. A cikin motarmu babu mugu ko ɗaya. Mutanen kirki ne zalla, masu azumin Arfa da safe, kowa na ɗokin ya je ya durƙusa gaban tsohonsa. Don mu isa ga namu iyayen da wuri muka bar uban wani a cikin sanyi da buta a hannu. In wannan ne zumunci, to bai wuce son kai da ya sa sabuwar shadda ba.

Za ka so ka ji yadda aka ƙare. Da muka iso mararrabar Bokani, saurayin nan ya miƙe ya ce, "Direba, don Allah sauke ni a nan." Ya ɗauki jakarsa, ya ɗauki jakar Baba. Wani ya ce masa, "Kai yaro, kakanka ne?" Ya ce, "A'a, Alhaji. Da zai fita ya ce in duba masa kayansa, ni kuma na ce to." Iyakar hujjarsa ke nan. Bai yi mana wa'azi ba, bai zagi kowa ba. Na zaro naira ɗari biyu na miƙa masa, ya karɓa ya ce Allah Ya saka. Na daɗe ina jin daɗin wannan ɗari biyun kafin in gane cewa ba Baba na taimaka ba, shiruna na biya wa kuɗi. Ta taga na hango shi ya tsallaka titi yana ɗaga wa wata tirela mai zuwa kudu hannu.

Mun shiga Kano bayan isha'i, daren Sallah. Na yi Idi, na ci nama, na ji daɗin ganin tsohuwata. Ba cewa nake kowa ya zama saurayin nan ba. Ba kowa ke da ƙarfin zuciyar sauka a mararraba ƙarfe uku na dare ba. Amma tsakanin sauka da yin shiru akwai fili mai faɗi: ka buɗe baki, ka ce a tsaya, ka ce ba mu cika ba. Ko ba a saurare ka ba, ka dai hana mota tafiya da baki ɗaya.

Sallah na tafe, mai karatu, kuma wataƙila kai ma kana da motar da za ka hau. In an tsaya shan shayi an dawo, kafin direba ya sa giya, waiga ka dubi kujerar da ke gefenka. Tun da farko ma, ka tambayi mai ita sunansa. Allah Ya kai mu gida lafiya, mu duka.