Makarantar Gwamnati Ce, Ko Tamu?

Cikin abubuwan da ake koya wa malaman firamare a bitocin ƙaro sani, irin na hukumar SUBEB da na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai darasin jawo al'umma cikin harkar makaranta. Ana nuna wa hedimasta yadda zai zauna da iyaye, da yadda zai raya kwamitin SBMC, wanda aka ce a kafa a kowace makaranta tun wajajen 2006. A takarda kwamitin ya haɗa kowa: mai unguwa, liman, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, har da su yaran. To, malami ya koyi yadda zai kira mu. Mu fa, in mun amsa, da wane matsayi za mu je?

Da yawa daga cikinmu a nan Kumbiya-Kumbiya, iyayenmu zuwa Gombe suka yi, wasu don cinikin auduga, wasu bayan jirgin ƙasa ya iso a 1963. Ba wanda ya yi musu bita kafin su gina masallaci, su zaunar da malamin allo, su riƙa ba shi kuɗin Laraba. Har yau in rufin Islamiyya ya yaye, ba a kwana biyu an yi karo-karo. Amma in tagar firamare ta ɓalle, sai mu wuce, wani ma ya ɗauke ta ya kai gida, wai ai kayan gwamnati ne. Boko daga sama ta zo mana, daga En'e, sannan shirin UPE na 1976, mu kuma muka riƙe ta riƙon baƙo. Alhali yaran da ke zaune a ƙasa a ajin nan su ne dai ke zuwa Islamiyyar da yamma.

Sai dai masu ɗari-ɗari da wannan kira suna da hujja. Sau da yawa in an ce al'umma ta shigo, kuɗi ake nufi. Dokar UBE ta 2004 kuwa cewa ta yi karatun shekara 9 na farko kyauta ne, kuma dole. In muka ɗauki nauyin benci da alli da siminti, anya ba sauke wa hukuma haƙƙin da ke wuyanta muka yi ba? Kuma in da aljihu ake auna shiga, mai tura baro ba shi da baki ke nan, sai Alhaji, wanda galibi nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi. A ganinmu taimako halas ne, amma ba shi ke sayen kujera a kwamiti ba. Ɗa a aji shi ne ke ba mutum bakin magana.

Inda gizo ke saƙar shi ne malamin kansa. An tashe mu a kan malam uba ne, ba a ɗaga masa murya. To in yana zuwa ƙarfe goma fa, ko ɗan aji shida bai iya karanta sunansa ba? Yin shiru a nan ba ladabi ba ne, domin amanar ta yaro ce, shi kuwa yaro ba shi da ikon tambaya. Ana iya tambayar malami a sirrance, cikin mutunci, da sanin cewa albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ɗalibai sun yi masa yawa. Bitar da ta koya masa kiran taro, ya kamata ta koya masa jure tambaya.

Amma fa shi ma zai tambaye mu. Ina yarinyar da ke talla a kasuwa ranar Talata da hantsi? Wa ya taɓa buɗe littafin ɗansa da dare? Mu ba wanda zai shirya mana kwas.

In za a kira taro na gaba, a sa shi ranar Asabar bayan La'asar, a aika wa iyaye mata takanas, a kuma fara da karanta rajista biyu, ta malamai da ta yara.