In Yarinya Ta Ce "Ba Zan Iya Ba", Raki Ne Ko Gaskiya?

 

Yau zan ɗauko miki zance daga nesa, amma in kin yi haƙuri za ki ga a tsakar gidanki zai sauka. Akwai wani wasa da 'yan mata ke yi a gasar Olamfik, na tsalle da alkafura da lanƙwasa jiki. Na san shigar da suke yi ba irin tamu ba ce, kuma ba cewa nake yi ki kai 'yarki ba. Labarin mutum biyu daga cikinsu nake so mu duba, domin akwai tambaya a ciki da ta shafi kowace uwa.

Ta farko Elena Mukhina, 'yar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Marainiya ce, kakarta ta riƙe ta. A 1978 ta zama zakarar duniya tana da shekara 18. A 1979 ta karye a ƙafa, amma saboda gasar Olamfik ta 1980 a Mosko za a yi, sai aka matsa mata ta koma atisaye tun ƙafar ba ta gama haɗewa ba. Daga baya ta bayyana cewa ta sha faɗa wa masu horar da ita cewa salon tsallen da ake sa ta yana da haɗari, ba wanda ya saurare ta. Ana saura makonni kaɗan a fara gasar ta faɗo a kan haɓarta, wuyanta ya karye. Daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba har ta rasu a 2006, shekara 26 tana kwance.

Ta biyu Simone Biles, baƙar fata 'yar Amurka, an haife ta a 1997. Ita ma 'yar riƙo ce: mahaifiyarta ta kasa kula da ita, kakanta da matarsa suka ɗauke ta. Tana shekara 6 ta fara wasan. A gasar Riyo ta 2016 ta ci zinare 4. Amma a Tokiyo, a 2021, duniya na kallo, ta yi tsalle ɗaya sai ta ji hankalinta ya daina sanin inda jikinta yake a cikin iska. Ta ce ba za ta ci gaba ba. Zo ki ji surutu! Wasu suka ce ragwanta ce, wasu suka ce ta ci amanar ƙasarta. Ita kuwa ta tsaya a kan bakanta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta huta, ta nemi magani, ta dawo a Faris a 2024 ta ci zinare 3 da azurfa 1.

To, 'yar'uwa, wace ce mai haƙuri a cikinsu? Mu nan muna yabon yarinya mai cinye abu a ciki. Muna cewa wance ba ta da raki, wance akwai kunya da kawaici. Halaye ne masu kyau, ba musu. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: shirun nan da muke yabo, ita yake amfana, ko mu ne yake sauƙaƙa wa rayuwa?

Ki duba cikin ganuwar nan tamu ta Zazzau. Yarinyar da ke yawo da farantin talla daga Kwarbai har Ƙofar Doka, ta dawo ta ce yau ba za ta bi ta wancan lungun ba, kin tambaye ta dalili, ko kin ce cinikin ne ba ta so? Wadda aka kai aikatau, ta zo hutu tana kuka ba za ta koma ba. Wadda aka ɗora wa dole sai ta karanta likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, don a ce 'yar wance ce likita. Har da amaryar da ta yi yaji, tun ba ta ajiye mayafi ba aka ce ta koma. Kowace a cikinsu "ba zan iya ba" ta ce. Me muka ji?

Akwai abin da ya fi wannan ɗaci. Likitan ƙungiyar wasan ta Amurka, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan matan da sunan magani. A 2018 mata fiye da 150 suka ba da shaida a kotu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Simone ta ce tana cikin waɗanda ya cutar. Wasu sun kai ƙara tun 1997, manya suka ce ba su fahimci aikin likita ba ne. Mutumin yana da suna, lambobin yabo suna shigowa, wa zai tsaya jin maganar yarinya?

Kada ki ce na ce a sakar wa yara linzami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ita kanta Simone ba da barci ta kai inda ta kai ba. Akwai "ba zan iya ba" ta ƙiwa, kowace uwa ta san ta. Amma mai tanƙwara icce yana kasa kunne, in ya ji ya fara ƙara sai ya sassauta, don wanda ya karye ba ya komawa. Bambance ƙiwa da ciwo ba ya yiwuwa da tsawa. Sai kin ja ta ɗaki, ku biyu, kin ce, "Faɗa min, me ya faru?" Sannan ki yi shiru har ta gama, ko da sunan da za ta ambata na wanda kike jin nauyi ne.

'Ya'ya amana ce a hannunmu, ba tsani ba ne da za mu taka don a gan mu. Kuɗin talla ana samun wani, jarrabawa ana sake ta baɗi. Lafiyar yarinya da yardar da ta yi da ke kuwa, in suka tafi, da wuya su dawo. Yau da dare, in an gama tuwo, ki kira 'yarki ki ji ta bakinta.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuri'a. Amin.