Kare Ba Ya Rufa Wa Gidansu Asiri

Ranar kasuwa, idan zaman rumfa ya ishe ni, nakan koma inuwar da ke kallon mahauta in miƙe ƙafa. A nan karnukan garin Bande suke taruwa, mahauta na fiɗa, su kuwa sun kafa ido suna jiran abin da zai faɗo. A biranen Turai da Amurka har fili ake killace wa karnuka su yi guje-guje, masu su na zaune a gefe suna hira. Namu filin shi ne wannan, sai kuma bakin gari da asubar ranar farauta, bayan an kai gero rumbu daji ya buɗe. Na daɗe ina kallon wuraren nan biyu, kuma abin da na gani ya isa in tara ku mu yi magana, don kare ba ya iya rufa wa gidansu asiri.

Akwai karen wani dattijon mafarauci, ja, siriri, gashinsa a kwance. Yana kwance daf da ƙafar maigidansa, ana jefar da hanji a gabansa, ko kunne bai ɗaga ba sai da ya ji fito. Mutumin nan ba ya ɗaga murya ko a ciniki, karensa ma haka yake. Can gefe kuma ga wani saurayi riƙe da sarƙa, an datse wa karensa kunnuwa, an rataya masa laya, yana ta cuna shi ga na wasu yana dariya. Tun kafin karen ya buɗe baki mun ji haushin daga bakin mai shi.

Amma karen da ya fi yawa a cikinmu shi ne na uku. Haƙarƙarinsa a waje, kaska ta cika masa kunne, ƙuda na bin gyambonsa. Idan ka sunkuya don gyara takalmi sai ya zabura ya tsere da wutsiya tsakanin ƙafafu, domin bai taɓa ganin mutum ya sunkuya ba sai don ɗaukar dutse. Ka tambayi na wane ne, a ce maka na yara ne. Ni ma na taɓa ba da wannan amsa. Jikana ya shigo da ɗan kwikwiyo, aka yi wata guda ana jiƙa masa ƙanzo, daga nan marmari ya wuce, aka bar shi ya nemi na kansa. Ranar da ya cinye wa maƙwabciya 'yan tsaki, na buɗe baki na ce ai na yara ne, alhali a zaurena yake kwana.

Mukan fake da addini, mu ce ai kare ne. To, addinin da muke karantawa bai ba mu wannan mafaka ba. Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da karen da aka horar ya kamo. Suratul Kahfi ta ambaci karen da ya kwanta a bakin kogo tare da bayin Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Abin da aka gindaya mana shi ne kada mu ajiye kare sai da dalili, na farauta, ko kiwo, ko tsaron gona. Wanda ba ya da dalili ya haƙura. Wanda yake da shi kuwa, ci da sha da lafiyar dabbar nan suna wuyansa.

Sakacin nan kuma a kanmu yake ƙarewa. Karen da ba a ciyar ba yawo zai yi, a yawon ne zai yi faɗa da wanda ya haukace, ya kawo mana cutar har tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro zai ɓoye cizo don tsoron duka. Mu kuma idan mun gani, sai mu kashe karen, mu shafa wa ciwon ganye, mu ce an rabu da bala'i. Bayan makonni ko watanni yaron ya fara zazzaɓi, ya ga ruwa ya firgita, a lokacin kuwa ko an garzaya da shi Magarya ko Damagaram, likita ba ya da abin yi. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar wannan ciwo a kan wani yaro a Faransa, yaron ya rayu.

Don haka ina roƙonku, da ni da ku. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi likita a ranar, kada a jira a ga abin da zai biyo baya. Karen da ya yi cizon, idan an san mai shi, a ɗaure shi kwana goma ana lura da shi. Mai kare ya nemi likitan dabbobi a yi wa karensa rigakafi, domin masana sun ce idan aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Idan kuma muka ga yara sun tasa kare da jifa, mu daina yin murmushi muna wucewa. Hannun da ya saba jifan abin da ba ya iya kai ƙara, wata rana kan mutum zai ɗaga.

Ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma karen banan ma sai an ciyar da shi tun bara. Yau da dare, kafin a kife tukunya, kowane magidanci ya leƙa zaurensa. Idan akwai kare kwance a wurin, to nasa ne, a zuba masa tuwo da ruwa.