Tauraro da Ɗan Aike: Shin Mai Isar da Saƙo Yana da Alhaki?

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce. Sai dai karin maganar ya tsaya ne a kan wanda ya zare bunun, bai ce kome ba game da wanda ya karɓa ya miƙa gaba. Wannan mutum na tsakiya, wato ɗan aike, shi ne abin nazarin wannan maƙala. Shin wanda ya isar da maganar da ba tasa ba yana da alhaki a kanta, ko kuwa tamkar indararo yake, babu ruwansa da irin ruwan da ya bi ta cikinsa?

Za mu shiga batun ta wata ƙofa da mai karatu bai zata ba. Akwai wani wasan kwamfuta mai suna Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meksiko ya kammala fitarwa a 2015. A cikinsa ɗan wasa kan ƙera kumbo ya harba shi sararin samaniya bisa ƙa'idojin kimiyya. A 2016 aka ƙara masa wani sharaɗi: kumbon da babu matuƙi a ciki ba zai juyu yadda ake so ba, ba zai kuma aiko da sakamakon bincikensa ba, sai in akwai hanyar sadarwa tsakaninsa da gida. Da zarar ya kewaya bayan wata, sai magana ta yanke. Maganin haka shi ne a jera taurarin ɗan Adam uku ko fiye, a raba musu tazara daidai wa daida, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan. In kuwa lokacin kewayensu ya saɓa ko da kaɗan ne, sannu a hankali sai su taru wuri guda, a bar wani sashe cikin duhu.

Wasan ya kwaikwayi zahiri ne. Tun a 1945 marubucin nan ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya nuna cewa tashoshi uku a nisan kimanin kilomita 36,000 sun isa su haɗa kusan duk duniya. Haka kuma sai da ƙasar Sin ta tura tauraron Queqiao a 2018 kafin kumbonta Chang'e 4 ya sauka a bayan wata a Janairun 2019. A nan gida, tauraron NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, sai a Disamban 2011 NigComSat-1R ya maye gurbinsa. Hedikwatar masu kula da shi tana Lugbe, a kan hanyar filin jirgin saman Abuja.

Irin wannan tauraro ba shi da saƙon kansa. Nagartarsa ita ce ya tsaya inda aka ajiye shi, ya miƙa abin da ya karɓa ba ragi ba ƙari. Bahaushe ya daɗe da sanin irin wannan aiki. A filin Idi, ladan kan maimaita kabbarar liman domin sahun baya su ji. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji waɗanda kan haddace waƙoƙinta su kai wa matan ƙauyuka. Koken talaka kuwa kan bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ya isa fada. A duk waɗannan, abin da ake nema ga na tsakiya shi ne amana.

To, amma amanar isarwa kaɗai ta wadatar? A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Nijeriya, wani saƙo ya karaɗe wayoyin jama'a cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne. 'Yan'uwa suka riƙa tayar da juna da asuba. An kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu. Masu miƙa saƙon ba su sauya ko harafi ɗaya ba, kuma ƙauna ce ta motsa su. Da taurari ne, da sai a yaba musu. Amma ɗan Adam yana da abin da tauraro ba shi da shi, wato hankali da zaɓi. Saboda haka ne malaman Hadisi ba su wadatu da haɗuwar isnadi ba, sai sun binciki adalcin kowane mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa. "Ni ma haka na ji" ba ta taɓa zama hujja a wurinsu ba.

Mai yiwuwa wani ya ce, ashe ke nan sai kowane ɗan aike ya zama rariya, ya tace abin da zai wuce. A nan ma akwai haɗari, kuma garin Karmo ya ishe mu misali. Karmo tana bayan Life Camp, kusa da Idu da Gwagwa, kuma daga cikinta ne leburori da direbobi da 'yan kasuwa da dama ke sammako zuwa tsakiyar birnin Abuja. Tafiyar ba ta da nisa. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi a irin wannan gari ba ya iya tsayawa gaban mahukunta da kansa, dole sai ta bakin mai unguwa, ko shugaban ƙungiya, ko kansila, ko ɗan jarida. Idan kowannensu ya ba kansa ikon tace koken, wannan ya rage masa ɗaci, wancan ya haɗiye shi don kada ya ɓata wa na sama rai, to mai koken ya zama kumbon da ke bayan wata: yana magana, ba mai jinsa.

Ga alama ɗan aike yana tsakanin haƙƙoƙi biyu: in ya miƙa kome ya yaɗa ɓarna, in ya tace ya danne murya. A ganina mafita tana cikin wani bambanci da wasan ya fito da shi. A allon ɗan wasa, hanyar sadarwa zare ce da ake gani. In ta tsinke, nan take zai sani ya nemi wata. A tsakanin mutane kuwa, zaren kan tsinke a ɓoye. Wanda ya ba da saƙo ya koma gida yana jiran amsa, alhali saƙon ya mutu a aljihun ɗan aike.

Saboda haka hanyoyi biyu ne kawai suka halatta ga mai isar da saƙo. Ko dai ya karɓa, bayan ya auna, ya isar yadda aka ba shi tare da faɗin daga inda ya fito. Ko kuma ya ƙi karɓa a fili, ya faɗi dalilinsa, domin mai saƙon ya nemi wani. Abin da bai halatta ba shi ne ya miƙa ido rufe, ko ya amsa da "to" sannan ya sauya ko ya binne. Na farko ya wulaƙanta hankalinsa, na biyu ya ci amanar wanda ya dogara da shi.

Wannan hukunci ya hau kan malamin da ke tsakanin littafi da ɗalibi, da mai fassara da ke tsakanin harsuna biyu, da duk mai waya a hannu. Tauraro in ya kauce daga matsayinsa, injiniyoyinsa ake tuhuma. Ɗan Adam kuwa shi ya zaɓi inda ya tsaya, don haka shi za a tambaya.